Abin da Ɓeran Ɗakin Gwaji Ke Faɗa Mana Game da Tururi Mai Guba

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun taɓa ganin hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a jikin kwalbar sinadari ko ta maganin ƙwari. Wa ya yanke hukuncin cewa wannan kwalba ta cancanci alamar, waccan kuma ba ta cancanta ba? Idan ana maganar gubar da ake shaƙa, amsar takan fito ne daga gwajin da ake yi da ɓeraye. A wannan mako za mu duba yadda ake gwajin, sannan mu ɗauki misalin wani sinadari mai suna methil aisosayanet, wanda ake taƙaitawa MIC.

Yadda ake gwajin

Ƙungiyar ƙasashe ta OECD tana da ƙa'ida mai lamba 403, wadda ta fito a 1981 aka sabunta ta a 2009. A tsarinta na asali, ana raba fararen ɓeraye rukuni-rukuni, maza biyar mata biyar a kowane rukuni. Kowane rukuni zai shaƙi iska mai ɗauke da adadin tururi daban, yawanci na tsawon awa 4. Wani lokaci ana sa ɓeran a cikin wani bututu, hancinsa kawai ke leƙowa inda tururin yake, don kada sinadarin ya manne a gashinsa ya lashe. Bayan an fito da su, ana lura da su har kwana 14: numfashinsu, nauyinsu, cin abincinsu, da waɗanda suka mutu. A ƙarshe a duba huhunsu.

Daga nan ake lissafa adadin tururin da zai kashe rabin ɓerayen, wanda masana ke kira LC50. Mu riƙe wannan da kyau: idan lambar ta yi ƙanƙanta, gubar ce ta yi ƙarfi. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na yi wa sinadarai alama, tururin da lambarsa ba ta wuce miligiram 0.5 a litar iska ba yana sahun farko, mafi haɗari. Har zuwa miligiram 10 ana sa masa hoton ƙoƙon kai.

Misalin MIC

MIC ruwa ne da ake amfani da shi wajen haɗa maganin ƙwari. Yana tafasa a kusan digiri 39 na ma'aunin Salshiyos, wato zafin rana ɗaya ta bazara ya isa ya mayar da shi tururi. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ƙasa-ƙasa yake bi, daidai inda mutane ke kwance. Yana kuma yin faɗa da ruwa da duk wata tsoka mai laima, shi ya sa ido, maƙogwaro da huhu ne yake fara cinyewa. Idan ya yi yawa, huhu ya cika da ruwa, numfashi ya gagara.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙasa da kashi 20 cikin miliyan na iska ya isa ya kashe rabin ɓeraye a awa 4. Kamar a ce ƙwayar gero 20 a cikin ƙwaya miliyan ɗaya.

A daren 2 ga Disamba 1984, wayewar garin 3 ga wata, ruwa ya shiga tankin MIC a masana'antar Union Carbide da ke Bopal a ƙasar Indiya. Kusan tan 40 ya fita ya rufe unguwannin da ke kewaye. Fiye da mutum 500,000 suka shaƙa, kuma gwamnatin jihar Madiya Pradesh ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787. Bayan wannan bala'i, masu bincike a Amurka suka ƙara gwaji da ɓeraye, suka ga cewa shaƙa sau ɗaya tak na iya barin tabo a hanyoyin iska na huhun waɗanda suka rayu.

Inda lambar ta tsaya

LC50 ba ita ce iyakar aminci ba. Tana nuna inda rabi ke mutuwa, ba inda cuta ke farawa ba. Shi ya sa dokar Amurka ta kayyade wa ma'aikata kashi 0.02 cikin miliyan na MIC a aikin awa 8, wanda ya yi ƙasa da abin da ke kashe ɓera sau ɗaruruwa. Lokaci ma yana da nasa tasiri. Masanin sinadarai Bajamushe Fritz Haber ya nuna cewa ga wasu iskoki masu guba, kaɗan na dogon lokaci kan yi ɓarnar da mai yawa zai yi cikin ɗan lokaci.

Sannan ɓera ba mutum ba ne. Ta hanci kawai yake numfashi, mu kuwa mukan buɗe baki idan muna gudu, sai tururin ya wuce kai tsaye. Ɓerayen gwaji matasa ne masu lafiya, amma a Bopal akwai jarirai, tsofaffi da masu ciki. Dabbobin ma suna shan wuya, don haka sabbin ƙa'idoji irin su 433 da 436 suka rage yawan waɗanda ake amfani da su.

Namu aikin

Tunda an riga an biya farashin wannan ilimi, saura mu yi aiki da shi. Mu karanta takardar jikin kwalba kafin mu buɗe. Kada mu kai hanci bakin kwalba a ɗakin gwajin kimiyya, kuma mu buɗe tagogi. Kada mu haɗa bilic da asid ko wani sinadarin wanke banɗaki, domin yana fitar da iskar kulorin. Idan tururi ya ɓalle, mu fita mu nufi inda iska ke tasowa, mu sanar da malami nan take. Wanda ya shaƙa a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin ruwan huhu kan ɗauki awoyi kafin ya bayyana.