Garin Tsiron Masara: Sirrin Kunun Jarirai

Uwargida, in kunun jaririnki ya yi kauri, kada ki tsinka shi da ruwa. Ruwa ciki kawai yake cikawa, ba ya gina jiki.

Idan masara ta fara tsira, ƙwayarta kan samar da sinadarin amilez, mai narkar da sitaci ya koma sukari don ciyar da tsiron. Wannan aikin zai yi miki a tukunya.

Ki jiƙa masara, ki bar ta ta tsira kwana 3, ki shanya ta bushe sarai, ki murje saiwoyin, ki niƙa. Ƙaramin cokali ɗaya a kunu mai ɗumi kan tsinka shi cikin mintuna. Ki sake tafasa shi, ya huce, sannan ki ba jariri ɗan wata 6 zuwa sama. Masarar da ta yi funfuna kuwa, ki zubar.