Ranar Cira da Ranar Shiga: Bayani Kan Umarnin Biya Ta Banki

Da yawa daga cikin masu tallafa wa wannan Gidauniya sun daina kawo kuɗi hannu da hannu. Sun bar wa bankunansu umarni a riƙa cire wani adadi duk wata ana turowa asusun waƙafi ko na marayu. Kwamitocin masallatai ma sun bi sahu wajen biyan alawus ɗin liman da ladan da kuɗin wuta. Tsari ne mai kyau, domin yana tsare mutum daga mantuwa da kasala. Sai dai akwai gurbi ɗaya a takardar da ake cikewa cikin gaggawa, wato ranar cira.

Na'urar banki ba ta san uzuri ba. Idan an rubuta mata 25 ga wata, ranar za ta nemi kuɗin, ko albashi ya shigo ko bai shigo ba. Idan ta tarar asusu bai kai ba, ɗayan biyu ne zai faru.

Na farko, a fasa biyan. Ga wanda ya ba wata hukuma ko kamfani izinin cira kai tsaye daga asusunsa, jadawalin cajin bankuna na Babban Bankin Nijeriya wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 ya tanadi tarar kashi 1 cikin 100 na kuɗin, ko Naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Wanda ya yi niyyar ba da Naira 3,000 ke nan yana iya rasa abin da ya fi sadakar, kuma maraya bai ga ko kwabo ba.

Na biyu ya fi tayar mana da hankali. Idan asusun na hada-hadar yau da kullum ne, kuma akwai yarjejeniyar zarce abin da ke ciki, wato obadiraf, bankin zai cika giɓin daga nasa kuɗin, ya rubuta shi bashi, ya riƙa lissafa ruwa kullum har ranar da kuɗi suka shigo. Mai asusu zai ga alat cewa sadakarsa ta tafi, ya yi hamdala, bai san da rance mai ruwa aka fitar da ita ba. Ƙanƙantar ruwan ba ta canza sunansa; riba ce, wadda ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara suka yi magana a kanta. Abin ya fi nauyi a asusun masallaci, domin dukiyar amana ce, kuma 'yan kwamiti ne za a tambaya.

Shawararmu ita ce a sa ranar cira bayan ranar shigar kuɗi da kwana biyar zuwa bakwai. Mai albashin ƙarshen wata ya zaɓi 5 ko 7 ga wata mai kamawa, ya kuma guji 29 zuwa 31, tunda ba kowane wata ke da su ba. Masallatai su tuna cewa abin da aka tara ranar Juma'a galibi sai Litinin yake isa banki, balle in an shiga hutun Sallah. Kada a tara duk biye-biye a rana ɗaya. Ma'aji ya je reshe ya tambaya ko asusun na da obadiraf, in yana da shi a rufe a rubuce. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, sun raba mutum da wannan matsala ta biyu, amma fashin biya yana nan idan asusu ya bushe.

Zakka kuwa ba ma son a ɗora ta kan wannan tsari ba tare da lura ba. Banki da kalandar Miladiyya yake aiki, alhali shekarar zakka ta wata ce, kwana 354 ko 355. Wanda ya kafa rana ɗaya a kalandar bature zai riƙa jinkirta haƙƙin talakawa da kusan kwana 11 duk shekara, cikin shekara uku ya haura wata guda. Malaman Malikiyya sun yi rangwame a gabatar da zakkar kuɗi da ɗan lokaci kaɗan, kamar wata ɗaya, amma ba su yarda a jinkirta ta ba tare da uzuri ba. Ga shi kuma adadinta yana sauyawa gwargwadon dukiya da nisabin shekarar. Don haka duk wanda zai fitar ta banki ya sake lissafi, ya sabunta ranar da adadin a kowace shekara. Sakatariyarmu a shirye take ta taya shi daidaita ranar Hijiriyya da ta Miladiyya.