Ƙidayar kwanakin al'ada: Tazarar haihuwa ba allura ba ƙwaya, da sharuɗɗan da ke tattare da ita

A Dakoro, garin da ke sama da kilomita 100 arewa da birnin Maradi, kalmar "rurrutsa" ba baƙuwa ba ce a kunnen uwaye. Ita ake faɗa idan mace ta ɗauki sabon ciki alhali tana goyon yaron da bai isa yaye ba. Mutanen Kano da Zariya "kwanika" suke cewa. Abin da kan biyo baya kowa ya san shi: a cire yaro daga nono da gaggawa, uwa ta rame, wani lokaci a ƙare a sashen jinyar tamowa. Dakoro na cikin garuruwan da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa lokacin matsalar abinci ta 2005.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a Nijar ƴaƴa 7.6 ne, a jihar Maradi kuwa ya haura 8. Wani binciken na 2021 ya ce adadin na ƙasa ya sauko zuwa 6.2. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce magungunan tazarar haihuwa kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Duk da haka akwai matan da ke gudun allura ko ashanar hannu saboda rikicewar jini, akwai waɗanda mazansu ba su yarda ba, akwai kuma waɗanda cibiyar lafiya ta yi wa nisa. A nan ne maganar ƙidayar kwanaki ke shigowa.

Abin da jiki ke yi kowane wata

Ƙidaya tana farawa ne daga ranar da jini ya fara zuwa, ita ce rana ta ɗaya. Zagayen yana ƙarewa kwana ɗaya kafin jini na gaba. A tsakani, jikin mace yana sakin ƙwai guda, yawanci kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Ƙwan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai, amma maniyyin namiji na iya zama cikin jikinta har kwana biyar yana jira. Wannan ya sa kwanakin da ciki ke iya shiga suke kusan shida a kowane zagaye: kwana biyar kafin fitar ƙwai da ranar da ya fita.

Matsalar ita ce ranar fitar ƙwan ba ta tsayawa wuri ɗaya. Rashin lafiya, damuwa, raguwar ƙiba ko doguwar tafiya na iya matsar da ita. Shi ya sa masu tsara wannan hanya suke faɗaɗa kwanakin kiyayewa fiye da shidan.

Lissafin kwanaki ba sabon abu ba ne ga matan Dakoro. Yarinyar da ta karanta Ahalari a makarantar islamiyya ta koyi ƙirga kwanakin haila da na tsarki saboda salla da azumi. Abin da ba a koya mata ba shi ne yadda wannan lissafin yake haɗuwa da ɗaukar ciki.

Sarƙa mai duwatsu 32

Hanyar da ta fi sauƙin koyo ita ce wadda masu bincike na Jami'ar Georgetown da ke Amurka suka tsara a farkon shekarun 2000. Ma'aikatan lafiya a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, irin su Benin da Mali da Burkina Faso, suna kiran kayan aikinta collier du cycle. Sarƙa ce mai kama da carbi, da duwatsu 32 da ɗan zoben roba. Ranar da jini ya zo sai a sa zoben kan jan dutse, kowace safiya a matsar da shi gaba ɗaya. Duwatsu masu ruwan ƙasa na nufin da wuya ciki ya shiga. Farare guda 12, daga rana ta 8 zuwa ta 19, su ne kwanakin da ma'aurata za su ƙaurace wa juna ko su yi amfani da kwaroron roba. Wadda ba ta iya karatu ba ma tana iya bi, wadda kuma ba ta da sarƙar, kalanda da biro sun ishe ta.

A ɗauka mace ta ga jini ranar 5 ga Maris. Fararen kwanakinta daga 12 zuwa 23 ga Maris ke nan. Ya kamata jini na gaba ya zo tsakanin 31 ga Maris da 6 ga Afrilu. Idan ya riga haka ko ya wuce, zagayenta ya fita daga kwana 26 zuwa 32, kuma hanyar don wannan tsawon kaɗai aka gina ta. Idan hakan ya faru fiye da sau ɗaya a shekara, to ta nemi wata hanyar.

Gwajin da aka yi wa mata 478 a Boliviya da Peru da Filifins, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa idan aka bi ƙa'ida daidai, mata kusan 5 cikin 100 ne ke ɗaukar ciki a shekara. Idan aka haɗa da masu mantuwa da masu saɓa ƙa'ida, adadin ya kai 12. Ashanar hannu kuwa, ƙasa da mace 1 cikin 100 ce ke ɗaukar ciki da ita. Ƙidaya kuma ba ta kare kowa daga cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa.

Mai goyo ta jira tukuna

Matar da ta fi tsoron rurrutsa ita ce wadda wannan hanya ba ta yi wa aiki nan take ba. Bayan haihuwa, ƙwai na iya fita kafin jinin farko ya dawo, don haka mace tana iya samun ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba. Shayarwa tana ba da kariya ta kusan kashi 98 cikin 100, amma sai sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, jini kuma bai dawo ba. Da zarar an fara ba shi ruwa ko kunu a kai a kai, kariyar ta fara raguwa. Ƙa'idar sarƙar ta ce mai goyo ta jira sai ta ga al'ada sau huɗu, kuma zagayen ƙarshe ya faɗa tsakanin kwana 26 da 32.

Haka ma wadda ta bar allura ba da daɗewa ba, sai jininta ya daidaita. Ga kuma amare masu ƙananan shekaru, waɗanda al'adarsu ba ta gama zama ba. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18.

Ba ta yiwuwa sai da miji

Mace na iya yin allura ita kaɗai, amma ƙidaya aikin mutum biyu ne. A zagayen kwana 28, idan aka cire kwana shida na jini da fararen kwanaki 12, goma ne suka rage. A gidan da ke da kishiyoyi, ranar girkinta na iya faɗawa kan farin dutse. Mijin da ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko Abidjan, ya dawo hutun sati biyu lokacin salla, yana iya tarar da kusan duka kwanakin farare ne. Wannan magana ce da ya kamata a gama ta ta waya kafin ya sauka tasha.

A fannin addini, malamai da dama suna kafa hujja da halaccin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, wanda mazhabar Malikiyya ta sharɗanta da yardar mata. Shirin Makarantar Mazaje, da aka fara a jihar Zinder da tallafin hukumar UNFPA kafin ya bazu zuwa wasu jihohi, ya ginu ne kan wannan fahimta: idan maigida bai gane ba, uwargida ba ta zuwa likita.

Manhajar waya ba likita ba ce

Matasan birni da waɗanda ke zaune a ƙasashen waje sun fi sabawa da manhajoji irin su Flo da Clue. Suna da amfani wajen ajiye ranaku, sai dai hasashensu na ranar fitar ƙwai ƙiyasi ne. Wani nazari na 2019 da ya duba zagaye sama da 600,000 ya gano cewa kashi 13 cikin 100 kacal ne suka cika kwana 28 daidai. Akwai kuma batun sirri: a 2021 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta cimma yarjejeniya da kamfanin Flo bayan zargin cewa ya miƙa bayanan lafiyar mata ga kamfanoni irin su Facebook da Google. A gidan da miji da mata da ƙanne ke amfani da waya ɗaya, ko lambar kulle manhajar abin kula ce.

Ga masu neman haihuwa

Lissafin yana aiki ta ɗaya fuskar. Ma'auratan da ke neman ciki, fararen kwanakin su ne nasu, musamman idan matar ta ga farin ruwa mai yauƙi kamar na ɗanyen ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma matsalar na iya kasancewa daga namiji. Idan shekara ta cika ba labari, ko wata shida ga wadda ta haura shekara 35, su biyun ya kamata a auna, kafin dangi su fara kiran matar juya.

Ko tazara ake so ko haihuwa, matakin farko ɗaya ne: rubuta ranar da jini ya fara har tsawon wata uku zuwa shida, sannan a kai takardar wurin ungozomar CSI mafi kusa ko asibitin gundumar Dakoro. Daga waɗannan ranakun za ta gane ko ƙidaya ta dace da jikin matar, ko kuma wata hanyar ce za ta fi tsare ta da yaron da ke bayanta.