Shin Saniya Tana Iya Dogara ga Dusar Ƙanƙara a Maimakon Ruwa?

In aka yi zancen ƙishirwar bisashe, rani ne makiyayin ƙasar Hausa yake tunawa: tabkuna sun ƙafe, rijiya ta yi zurfi, garke yana jiran guga. Amma akwai ƙasashen da dari ne yake kawo musu wannan wahala. A yammacin Kanada da arewacin Amurka, inda ake kiwon shanu cikin manyan gandaye masu shingen waya, sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, wani lokaci har 40. Ruwan tabki da na gulbi sai ya daskare ya yi tauri kamar dutse. Ga ruwa kwance, amma babu halin sha.

Abin da ke sauka daga sama a watannin nan shi ake kira dusar ƙanƙara. Ba irin ƙanƙarar da ke faɗowa da damina tana farfasa ganyen hatsi ba ce. Wannan fara ce fat, ba ta da nauyi, tana sauka a hankali kamar audugar rimi, ta lulluɓe ƙasa wata huɗu ko biyar. In an ɗiba an aza bisa wuta sai ta narke ta koma ruwa. To, daga nan ne gardama ta taso tsakanin masu gandayen kiwo. Tun da ruwa ce, kuma ga ta ko'ina a bakin saniya, shin dole ne mai garke ya fita kowace safiya da gatari yana fasa tabki, ko ya kashe kuɗin wutar lantarki yana ɗumama wurin shan ruwa?

Masu cewa dole ne suna da hujja, kuma hujjar ta lissafi ce. Saniya mai ciki wadda ba ta shayarwa tana bukatar kamar lita 25 na ruwa a yini cikin sanyi. Sabuwar dusar ƙanƙara kuwa galibinta iska ce: sai an tara wajen mudu goma kafin a sami mudu ɗaya na ruwa. Watau kafin saniya ta sami rabonta, sai ta lashe abin da ya fi cikin babbar gangar nan mai lita 200. Bayan haka akwai maganar zafin jiki. Jikin saniya yana tsaye ne wajen digiri 38 da rabi. Duk abin da ta haɗiya sai jikinta ya ɗumama shi ya kai nan. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara kaɗai yana cin zafi ninki biyu na abin da ake bukata a ɗumama ruwan daga sifiri zuwa zafin jiki. In an haɗa, cin dusar ƙanƙara ya ninka shan ruwan sanyi sau uku wajen cin zafi. Don haka aka daɗe ana cewa saniyar da aka bari a kanta za ta ƙone abincinta wajen narkarwa, ta rame, ta haifi ɗan maraƙi marar ƙwari.

Wasu masana biyu na Jami'ar Albarta da ke Kanada, Young da Degen, su suka ɗauki maganar suka gwada ta, tun daga wajen 1980 har zuwa farkon shekarun 1990. Suka raba shanu masu ciki, wasu ana ba su ruwa, wasu kuwa ba su da abin sha sai dusar ƙanƙara, abinci iri ɗaya. Da aka auna su, ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba, ko ga nauyin uwayen, ko ga nauyin ƴan maruƙan da suka haifa.

Dalilin yana cikin tumbi. Tumbin saniya kamar tukunya ce da ba a sauke ta daga murhu: ƙananan halittun da ke cikinsa suna ruɓar da ciyawa dare da rana, wannan aiki kuwa yana fid da zafi mai yawa wanda da ma fita yake yi a banza. Sa'an nan saniyar da ta saba ba ta cika ciki da ƙanƙara gaba ɗaya yadda take yi wa ruwa. Takan ci ciyawa kaɗan, ta sa harshe ta lashi dusar kaɗan, ta koma ga ciyawa, haka har yamma. Zafin da abinci ya bayar shi ke narkar da abin da ta lasa. Masu lissafin farko ba su yi kuskure a ƙidaya ba, sai dai sun manta da wannan murhu.

Amma fa wanda ya tsaya nan ya ji rabin labari ne, kuma rabin labarin nan ya kashe shanu da yawa. Lasar dusar ƙanƙara koyo ake yi. Saniyar da ba ta taɓa yi ba takan yi kwana ɗaya ko biyu tana kuka, tana zagaya inda ta saba shan ruwa, ba ta ko cin abinci sosai, sai ta ga ƴar'uwarta tana yi sa'an nan ta bi. A cikin garke kuma ana samun wadda ba za ta koya ba sam. Ita dusar ma ba kullum take lasuwa ba. In rana ta ɗan yi zafi samanta ya narke, da dare sanyi ya komo, sai ta yi ɓawo mai tauri da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Doki yana sa kofato ya fasa, saniya kuwa da hanci take turawa, sai ta yanke baki da ƙafafu, ta haƙura. Haka kuma in garke ya tattake wurin ya ɓata shi da kashi, ko iska ta share fili ta bar ƙasa tsirara. Mai garken da ya leƙo daga cikin mota ya ga fili fari fat yana iya komawa gida da kwanciyar rai, alhali shanunsa sun kwana biyu ba su sami abin jiƙa maƙogwaro ba.

Ƙishirwa irin wannan tana da wani haɗari a bayanta. In saniya ta daɗe ba ruwa, gishiri yakan taru a jininta da ƙwaƙwalwarta. Ranar da aka kawo ruwa aka bar ta ta sha iyakar cikinta, sai ƙwaƙwalwa ta kumbura, a ga dabba tana tangaɗi, tana makanta, ta faɗi tana shure-shure. Likitocin dabbobi suna cewa a ba ta kaɗan-kaɗan, abin da tsofaffin makiyayan Sahel suka daɗe da sani game da garken da ya sha doguwar tafiya.

Saboda haka ne ƙa'idar kiwon shanun nama da Kanada ta fitar a 2013 ta yarda da dusar ƙanƙara, amma da sharaɗi. Sai ta kasance mai tsabta, mai taushi, kuma wadatacciya. An hana a dogara da ita ga saniya mai shayarwa, da maraƙin da aka yaye kwanan nan, da ramammiya, da wadda ba ta samun abinci mai kyau. An kuma wajabta wa mai garke ya tanadi wata hanyar ruwa da zai koma gare ta nan take.

Shi ma gatarin ba tsira ba ne ɗungum. Kusan kowace shekara ana jin labarin shanun da suka taru bisa daskararren tabki suna neman ramin da aka fasa musu, ƙanƙara ta karye da nauyinsu, suka nutse tare.

Manyan asarori kuwa sun zo ne daga ɓawon ƙanƙara da iska. A 1886 an yi bazara mai zafi da fari a yankunan Montana, Dakota da Wayomin, ga shanu sun yi wa makiyaya yawa, suka shiga dari a rame. Dusar ƙanƙara ta sauka tun watan Nuwamba, ta narke kaɗan, ta sake daskarewa bisa ciyawa. Da sanyi ya wuce a 1887, gawawwakin shanu ne cike da kwazazzabai. Tiyodo Ruzbelt, wanda ya zama shugaban Amurka a 1901, yana da garke a Dakota a lokacin, ya rasa fiye da rabinsa. Daga wannan shekara ne masu kiwo suka ɗauki yankan ciyawa da adana ta da muhimmanci. A watan Oktoba na 2013 ma, a yammacin Dakota ta Kudu, ruwan sama ya jiƙe shanu tun ba su fid da gashin dari ba, sa'an nan dusar ƙanƙara da guguwa suka biyo. Shanu suka juya wa iska baya suna tafiya, har suka cushe jikin shingayen waya da cikin ƙoramu. Dubbai barkatai suka mutu cikin kwana biyu zuwa uku.

A can gabas, a ƙasar Mongoliya, makiyaya ba su jira masana ba, tun kakanni bisashensu da dusar ƙanƙara suke kashe ƙishirwa a makiyayar dari. Suna da suna ɗaya ga masifar sanyi, zud, amma sun rarraba ta. Farin zud shi ne in dusar ta yi yawa ta binne ciyawa. Zud na ƙarfe shi ne in ta yi ɓawo. Wanda aka yi a darin 2023 zuwa 2024 ya kashe bisashe sama da miliyan 7. Akwai kuma baƙin zud, watau shekarar da sanyi ya zo ya daskarar da gulabe amma dusar ƙanƙara ba ta sauka ba. A irin wannan shekara ciyawa tana nan a fili, dabba tana ganin ta, ƙishirwa ce take hana ta ci.