Disney Ko Universal: Kishiyoyin Orlando Da Aljihun Mai Ziyara

Shekaru sittin da suka wuce, idan aka ambaci Orlando da ke tsakiyar jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, ba abin da ke zuwa zuciyar mutane sai gonakin lemo, da garken shanu, da fadamu masu kadoji. A yau fiye da mutum miliyan 70 ke kai wa birnin ziyara a shekara, kuma da yawansu lilo da wasa ne ke kai su. Kamfanoni biyu ne suka riƙe wuyan wannan kasuwa, wato Disney da Universal, kuma zaman kishiyoyi suke yi. Duk magidancin da ya tara kuɗinsa, ya samu biza, ya ɗauki iyali zuwa can, tambayar da ke fara tare shi ita ce: gidan wa za a sauka? Amsar ba ta cikin tallar da kowannensu ke yi. Tana ga tsawon yaranka, da yawan kwanakinka, da nauyin aljihunka.

Disney ce uwargida. Walt Disney ya buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya a shekarar 1955, amma bai jima ba ya ga ƙananan otal-otal da shaguna sun yi wa wurin zobe, ba shi da ikon hana su, ba shi kuma da filin faɗaɗawa. Da ya tashi gina na biyu, sai ya aika wakilai Fulorida suna sayen filaye da sunayen wasu kamfanoni na daban, don kada masu ƙasa su ji sunan Disney su tsawwala farashi. Kafin asiri ya tonu a 1965, ya mallaki kimanin eka dubu 27, wato wajen murabba'in kilomita 110. Bai ga ƙarshen aikin ba, domin ya rasu a watan Disamba na 1966. Wansa Roy ne ya ƙarasa, ya buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoba, 1971, shi ma ya rasu kafin shekarar ta ƙare. A ranar buɗewa, dala uku da rabi babba ke biya ya shiga.

A wannan makeken fili yanzu akwai dandalin wasa huɗu. Magic Kingdom shi ne na farko, mai fadar Cinderella da ake gani a farkon fina-finan kamfanin, kuma shi ne dandalin da ya fi kowane samun baƙi a duniya: sama da mutum miliyan 17 a 2023. EPCOT ya zo a 1982, Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998, inda ake ɗaukar mutane a buɗaɗɗiyar mota a ratsa da su cikin raƙuman dawa da giwaye da zakuna masu rai. Ga wuraren wasan ruwa biyu, ga otal sama da ashirin, ga bas-bas da kwale-kwale da jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya suna jigilar baƙi kyauta. Gari ne sukutum.

Universal amarya ce, kuma ba ta shigo da ƙafar dama ba. Tana cikin shirin gina dandalin fina-finai a Orlando, Disney ta yi wuf ta buɗe nata a 1989, ta riga ta da shekara guda. Da Universal Studios Florida ya buɗe ranar 7 ga Yuni, 1990, manyan injinan wasanninsa suka yi ta lalacewa, baƙi suka koma gida suna tsaki. A 1999 kamfanin ya ƙara dandali na biyu, Islands of Adventure, amma duk da haka wurin bai wuce inda ake leƙawa na yini ɗaya ba bayan an gama da Disney. Abin da ya juya labarin shi ne Harry Potter. A watan Yuni na 2010 aka buɗe ƙauyen Hogsmeade na cikin labarinsa a ɗaya daga dandalin biyu, an gina shi kamar yadda yake a fim, jama'a suka yi dafifi. A 2014 aka ƙara unguwar Diagon Alley a ɗaya dandalin, aka haɗa su da jirgin ƙasa. Dabarar kuwa, ba ka hawa jirgin sai da tikitin da ke shigar da kai dandalin biyu a rana ɗaya, wanda ya fi tsada.

Uwargida ta ga ba zama. Ta buɗe Pandora ta fim ɗin Avatar a 2017, ta biyo da unguwar Star Wars a 2019. Amarya ta mayar da martani mafi girma ranar 22 ga Mayu, 2025, da sabon dandali mai suna Epic Universe, mai sassa biyar, ciki har da duniyar Super Mario ta kamfanin Nintendo. Akwai ma wani abin dariya a wannan kishi. A 2009 Disney ta sayi kamfanin Marvel a kan kimanin dala biliyan 4, amma wata yarjejeniya da aka ƙulla tun 1994 ta ba Universal ikon amfani da wasu jaruman Marvel a dandalinta na gabas da kogin Misisifi. Saboda haka yaron da ya matsa sai ya ga Spider-Man ko Hulk a Orlando, gidan kishiya za a kai shi, ba gidan masu shi ba.

To, da me za a auna? Ma'auni na farko shi ne tsawon yaro, kuma da gaske tef ake nufi. A bakin kowane babban lilo akwai sanda mai alama, da ma'aikaci a tsaye kusa da ita. Yaro zai zo da murnarsa, a ce ya tsaya ya miƙe, ya ɗaga haɓa, ya yi ɗage a ɓoye, ma'aikacin ya yi murmushi ya ce ya sauke dugadugansa. Idan kansa bai taɓa alamar ba, babu roƙo, babu alfarma, babu "ka san ko ni wane ne". Sai uba ya ja hannunsa yana kuka, yayyensa na ciki suna ihu. Lilon Hulk yana buƙatar tsawon santimita 137, VelociCoaster kuwa 130. Wannan na biyun yana kai gudun kilomita 113 a awa, yana juya mutum kai ƙasa ƙafa sama, kuma kafin ka hau sai ka zuba waya da makulli da hula a akwati, ka ratsa na'urar binciken ƙarfe. Irin waɗannan su ne ƙarfin Universal. A Magic Kingdom kuwa wasanni da yawa ba su da ƙa'idar tsawo, goyo da kaka duk suna iya shiga kwale-kwale ɗaya a zagaya da su a hankali. Mai 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, Disney ta fi karɓarsa. Mai samari da 'yan mata 'yan sakandare, masu ganin katun aikin yara ne, zai fi samun godiya a Universal.

Ma'auni na biyu kwanaki ne. Faɗin Disney abin alfahari ne, amma yana cin lokaci. Daga otal zuwa dandali, ko daga wannan dandali zuwa wancan, sai an jira mota an yi tafiya, kuma kowane ɗaya daga cikin huɗun yana cinye yini guda. Wanda ba shi da kwana biyar, zai dawo ne da rabin labari. Universal a dunƙule take: tsofaffin dandalinta biyu suna maƙwabtaka, ana takawa da ƙafa daga wannan zuwa wancan, sai Epic Universe da ke can gefe, ana zuwa da bas. Kwana uku sun wadatar. Akwai masu cewa za su haɗa duka a mako guda tunda tazarar ba ta wuce tafiyar minti ashirin zuwa talatin a mota ba. Ana iyawa, sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Tikitin kwanaki da yawa yana sauƙi ne idan a gida ɗaya aka saya, domin kowace rana da aka ƙara kuɗinta na raguwa. Wanda ya raba ƙafa ya sayi mafi tsadar ranakun kowane gida, ga gajiya.

Ma'auni na uku shi ne aljihu, kuma a nan kishin bai amfani baƙo ba. Gasar ta kyautata wasanni, amma ba ta sauke farashi ba. Tikitin yini ɗaya a kowane gida ya haura dala 100, a lokutan cunkoso yana dosar 200. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku kyauta yake shiga, amma da zarar ya cika goma kuɗin babba zai biya. Tikitin ma somin-taɓi ne. Akwai kuɗin ajiye mota, dala 30 ko fiye a yini, akwai abinci, akwai tsarabar da yara ba za su bari a wuce ba. Sannan ga kuɗin tsallake layi, domin shahararren lilo na minti uku yana iya sa ka tsayuwar awa biyu. Daga 1999 Disney tana da tsarin kama layi kyauta mai suna FastPass, amma a 2021 ta maye gurbinsa da na biya, wanda yanzu ake kira Lightning Lane. Ta waya ake saye, a zaɓi lokaci, don haka uba kan yini kansa a sunkuye yana latse-latse. Na Universal, Express Pass, ba ya buƙatar zaɓen lokaci, amma tsadarsa kan kamo ta tikitin shiga, wani lokaci har ta wuce. Sai dai wanda ya sauka a ɗaya daga manyan otal ɗinta uku, Portofino Bay ko Hard Rock ko Royal Pacific, ana ba duk 'yan ɗakin wannan dama kyauta a tsofaffin dandalin biyu. Ga iyali mai mutum huɗu ko biyar, ɗaki mai tsada kan zama shi ne araha idan aka yi lissafi.

Akwai wasu abubuwa da mai kiyaye addini da tarbiyya zai so ya sani. Disney tana barin baƙo ya shiga da abincinsa daga gida, muddin ba a kwalba ba kuma ba barasa, abin da ke rage kashe kuɗi da shakkar abin da aka dafa. Universal ba ta yarda da fiye da ɗan abin taɓawa da ruwa. Ana sayar da barasa a gidajen biyu, amma a Magic Kingdom sai a wuraren zama na musamman, ba a yawo da ita, saɓanin EPCOT. Shahararren abin shan nan na unguwar Harry Potter, Butterbeer, duk da sunansa babu barasa a cikinsa. Labarin Harry Potter kansa na makarantar matsafa ne, har ana sayar wa yara sandar da idan suka kaɗa ta a gaban tagar shago wani abu ya motsa, aikin na'ura ne kawai, amma gara iyaye su san da haka tun daga gida. A watannin Satumba da Oktoba kuma Universal na yin bikin dare na ban tsoro wanda ita da kanta ba ta ba da shawarar kai 'yan ƙasa da shekara 13.

A EPCOT akwai wurin da zai ba baƙo daga Afirka mamaki. An kewaye wani tafki da rumfunan ƙasashe 11, kuma ta Maroko ce kaɗai daga nahiyarmu. Da za a gina ta, Sarki Hassan na Biyu ya turo magina daga ƙasarsa. Ka tsaya a tsakar gidan ka dubi bango: ƙananan tayil masu launin shuɗi da kore da fari, an yanka su an jera ɗaya bayan ɗaya, zane na shiga cikin zane, babu hoton mutum ko dabba, kamar yadda aka saba a ginin Musulunci. A sama ga hasumiya da aka kwaikwayo daga ta masallacin Kutubiyya na Marrakesh. An buɗe rumfar a 1984.

Saura lokacin tafiya. Daga Yuni zuwa Satumba Fulorida na da zafi mai gumi, kuma kusan kullum da yamma hadari kan haɗo a yi tsawa, a dakatar da lilon da ke fili. Daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba kuma kakar guguwar teku ce. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara ya fi kowane cunkoso da tsada. Tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu, da makonnin da yaran Amurka ke makaranta, sun fi sauƙi. Ko yaushe ka je, ka isa ƙofa kafin a buɗe, domin da sanyin safiya ake kama fara: abin da za ka hau a awa biyun farko ya fi na tsakar rana gaba ɗaya.

Hukuncin dai a taƙaice shi ne: mai ƙananan yara da tsofaffi, da mako guda a hannu, ya nufi Disney. Mai manyan yara masu son tashin hankali, da kwana uku, ya nufi Universal. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin ka biya ko sisi, ka jingina kowane yaro da bango ka auna shi, ka ƙirga kwanakinka, ka haɗa kuɗin tikiti da masauki da abinci da layi a takarda ɗaya. Idan jimillar ta ce sai an ci bashi, to a haƙura zuwa baɗi. Lilon yana nan, ba inda za shi.