Hawan Duwatsun Ayar: Lokacin Hutu Shi Ne Lokacin Ƙorama

Hotunan Timia da Bagzan suna ta yawo a Facebook da TikTok: garake na lemu da rumman a tsakanin baƙaƙen duwatsu, da tafkin da ruwa ke zubowa cikinsa daga saman dutse. Hotunan sun sa matasa daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da 'yan ƙasa mazauna ƙetare da ke zuwa gida hutu, sha'awar su je su hau da ƙafarsu. Sai dai mafi yawansu ba sa samun sarari sai daga Yuli zuwa Satumba, lokacin babban hutun makarantu. Waɗannan watanni kuwa su ne damana a Ayar, lokacin da hawan dutse ya fi haɗari.

Duwatsun Ayar, da Hausawa ke kira Abzin, suna arewa da birnin Agadez. Cikinsu ne wuri mafi tsayi a Nijar yake, wato ƙololuwar Idoukal-n-Taghès da ke kan tudun Bagzan, mai tsayin mita 2,022. Tun 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Ayar da Tenere cikin jerin wuraren gado na duniya. Tsayin Bagzan bai kai inda ƙarancin iska ke kayar da mutum ba, domin wannan ciwon ya fi kama masu hawa sama da mita 2,500. Abin da ke jefa matafiyi cikin matsala a nan shi ne ruwa, da sanyi, da zafin rana.

Ruwan da ke zuwa babu hadari

Ruwan da Agadez ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, amma yakan sauka da ƙarfi cikin 'yan kwanaki, galibi a watan Agusta. Saman dutse ba ya shan ruwa kamar jigawa. Abin da ya zuba yana gangarowa nan take, ya taru a ƙoramu, ya taho da duwatsu da itatuwa. Mutum na iya zama cikin busasshiyar ƙorama, rana na haskawa a kansa, alhali an yi ruwa a wani wuri mai nisan kilomita da yawa, kuma yana kan hanyar iso masa. Mutanen Maraɗi sun san irin wannan: gulbi yakan kawo da ruwan da aka yi a ɓangaren Katsina ko da ba a yi ɗigo ɗaya a gari ba. Bambancin shi ne a Ayar gangaren ya fi tsanani, ruwan ya fi gudu, kuma mashigin ya fi ƙunci.

Mazauna Agadez ba su manta da farkon Satumban 2009 ba. Ruwan da aka tafka a kan duwatsu ya cika ƙoramar Telwa, ya fasa shingen da ke kare gari, ya rusa dubban gidaje.

Cikin ƙorama ne rairayi mai laushi da inuwar itatuwa suke, shi ya sa baƙo ke son ya shimfiɗa tabarma ko ya ajiye mota a nan. A damana ba a kwana cikin ƙorama, ana hawa gefe mai tudu. Idan aka ji wani ruri kamar na babbar mota daga sama, sai a bar kaya a hau tudu, kada a bi ƙoramar da gudu. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 60 kuwa yana tafiya da mota, har da kat-kat. Ƙorama takan janye bayan wasu sa'o'i, don haka jira ya fi.

Damana kuma lokacin tsawa ce. Idan tsakanin walƙiya da ƙarar aradu bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10. Sai a sauka daga ƙololuwa, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai. Da yake hadari ya fi haɗuwa da yamma, masu hawa kan tashi da asuba don su sauko da wuri.

Sanyin da wayar salula ba ta nunawa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa da hawa, kuma a lokacin sanyi aka saba yin bikin Ayar na Iferouane. Amma wanda ya duba yanayin Agadez a wayarsa ya ɗauka haka Bagzan yake, ya yi kuskure. Agadez tana kan tsayin kusan mita 500 ne. A duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da digiri 6 zuwa 7, wato saman Bagzan ya fi gari sanyi da kusan digiri 10. A daren Disamba da Janairu ma'auni kan sauka ƙasa da sifili a kan tudun, har ruwa ya daskare a kwano. Iskar hunturu kuma tana ƙara wa ɗari kaifi.

Wanda ya hau da rana cikin gumi ya kwana da jiƙaƙƙiyar riga, shi sanyi ya fi kamawa. Alamunsa su ne makyarkyata mai tsanani, harɗewar magana, tuntuɓe, da barcin da ba na lafiya ba. Idan aka ga haka sai a canja masa busassun tufafi, a lulluɓe shi da bargo, a kare shi daga iska, a ba shi shayi mai zafi in yana cikin hayyacinsa. Rigar sanyi, bargo mai kauri, safa, rufaffen takalmi da rawani ba kayan ado ba ne a can. Hazo ma yakan rufe duwatsun da mutum ke gane hanya da su.

Bazara da ƙishirwa

Daga Afrilu zuwa Yuni zafi a Agadez yana haura digiri 40, duwatsun kuma suna ɗaukar rana suna mayar da ita kamar tanda. Iskar busasshiya ce, gumi na bushewa tun mutum bai ankara ba. Mai hawa yana buƙatar aƙalla lita 4 zuwa 5 na ruwa a yini, kuma tafkunan da ya gani a hoto ƙila sun ƙafe. Ciwon kai, jiri da ruɗewa alama ce ta a tsaya a inuwa, a jiƙa jiki, a nemi likita.

Kafin a kama hanya

Ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da sanarwa kullum, kuma ya kamata a saurare ta, amma hasashen jaha guda ba ya faɗin abin da zai faru a wani kwari shi kaɗai. Wannan sanin yana wurin Abzinawan Tabelot da Timia da ƙauyukan Bagzan, waɗanda ke hawa da sauka da jakuna ɗauke da dankali da tafarnuwa. Ɗan jagora na wurin ya san ƙoramar da ke saurin kawowa da rijiyar da ke da ruwa. Rezo yana ɗaukewa a wurare da yawa, saboda haka sai a shaida wa dangi hanyar da za a bi da ranar dawowa, a kuma tuntuɓi hukumomin Agadez kan batun tsaro.

Wanda hutunsa ya faɗo a Agusta yana da zaɓi biyu: ya tafi da ɗan jagora ya bi maganarsa ko da za ta sa shi zaman kwana biyu a bakin ƙorama, ko ya ɗage tafiyar zuwa hutun Disamba, ya sa bargo cikin kayansa.