Kuɗi Ɗaya, Baitulmali Takwas

Takardar sefa da ɗan kasuwa ke karɓa a Maraɗi ita ce ake kashewa a Dakar da Abijan, ba tare da an nemi ɗan canji ba. Ƙasashe takwas ne ke amfani da ita a Afirka ta Yamma, watau Nijar, Mali, Burkina Faso, Senegal, Kwaddebuwa, Togo, Benin da Gini Bisau, wadda ta shigo a 1997. Babban banki guda ne ke fitar musu da ita, hedkwatarsa na Dakar. Tun 1999 aka ɗaure darajarta da yuro: kowane yuro ɗaya sefa 655.957.

Wannan sauƙi yana da farashi. Ƙasar da ke da kuɗinta na kanta, idan ta shiga matsi, tana iya karya darajarsa ko ta buga ƙari. Ƙasar da ke tarayya da wasu ba ta da wannan dama. Abin da ya rage a hannunta shi ne haraji da kashe kuɗi. To, a nan rigima take. Idan gwamnati ɗaya ta yi ta zuba tallafi a kan man fetur ko takin zamani da kuɗin bashi, ajiyar kuɗaɗen waje da ake tarawa wuri guda ce za ta ragu, kuma ajiyar ta kowa ce. Haka nan idan wata ta sassauta haraji fiye da kima, 'yan kasuwa za su karkata wajenta, maƙwabta su tashi a tutar babu.

Shi ya sa a Janairun 1994, watan da aka karya darajar sefa da rabi, shugabannin suka kafa ƙungiyar UEMOA. A 1998 ta yi umarnin harajin sayen kaya ya tsaya tsakanin kashi 15 da 20 cikin ɗari; a 2000 kuma aka daidaita kuɗin fito kan kayan waje zuwa matakai huɗu: sifiri, 5, 10 da 20. Dokar 2015 ta ce giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, bashi kuma kada ya haura 70.

Rubuta doka daban, bin ta daban. Da annobar korona ta zo, a Afrilun 2020 shugabannin da kansu suka jingine wannan ƙa'ida, domin babu gwamnatin da za ta iya rufe asibiti don ta cika lissafi.